KEƁEWA DA HIDIMA: TARIHIN IKILISIYOYIN HAUSA A ZARIYA DAGA DURUMIN MAIGARKE ZUWA TUDUN WADA

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin ikilisiyoyin Kirista masu yin sujada da harshen Hausa a Zariya, tun daga zuwan 'yan mishan a farkon ƙarni na 20 har zuwa wannan zamani namu, domin a ga hanyoyin da suka bi wajen sabunta kansu, da kuma irin hidimar da suka yi wa jama'ar da suke zaune a cikinta. Galibin waɗanda suka yi rubutu a kan wannan batu sun fi mai da hankali ga Wusasa da manyan mutanen da ta yaye. Yin haka ba laifi ba ne, sai dai labarin ba ya cika in ba a haɗa da Tudun Wada ba, inda Kirista da Musulmi suka daɗe suna zaune katanga ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya.

Kafin a shiga cikin magana, ya kamata a bambanta kalmomi biyu waɗanda akan cakuɗa su. A bakin Kiristan Arewa, majami'a, ko coci, ita ce ginin da ake taruwa a ciki. Ikilisiya kuwa ita ce jama'ar da ke taruwa, watau mutanen da suka ƙulla zumunci a kan bangaskiya ɗaya. Ana iya ƙone majami'a ikilisiya ta tsira, haka kuma ana iya samun majami'a tsaye ƙyam alhali ikilisiyarta ta daɗe da watsewa. Maganarmu a nan a kan ikilisiya take.

Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, sau uku ikilisiyar Hausa a Zariya tana keɓewa daga sauran jama'a, ko da son ranta ko bisa tilas: a Gimi, da Wusasa, da kuma bayan rikicin 1987. A karo biyu na farko, abin da ya mayar da ita cikin mutane shi ne wani aiki wanda ya amfani maƙwabcin da ba ya bin addininta. Karo na uku kuwa har yanzu ana cikinsa, shi ya sa waiwayen yake da amfani.

2.0 YADDA AKA TSARA ZAMAN ZARIYA

Turawan mulki sun shiga Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Daga nan sai garin ya rabu kashi-kashi bisa manufar da Turawa suka bi a manyan garuruwan Arewa. Birni, cikin ganuwa, aka bar wa Zazzagawa da sarkinsu. Sabon Gari, kusa da tashar jirgi a hayin kogin Kubanni, aka ware wa baƙi 'yan Kudu, ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa. Tudun Wada kuwa, wadda ke shimfiɗe tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni, an kafa ta domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba ne, aka kuma bar ta a ƙarƙashin En'e ta Zazzau.

Wannan tsari ya shafi addini kai tsaye. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa musu addini ba, saboda haka gwamnati ta riƙa hana 'yan mishan shiga biranen Musulmi. Majami'un da aka gina a Sabon Gari na 'yan Kudu ne, ana sujada a cikinsu da Turanci da Yarbanci da Ibo, ba su da wata hulɗa ta kirki da mai magana da Hausa. A Zariya kuwa an yi sassauci har ɗan mishan ya zauna cikin ganuwa shekara da shekaru.

3.0 ZAMAN BIRNI, 1905–1929

A shekarar 1900 wata tawaga ta mutum biyar daga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, ta nufi Kano a ƙarƙashin jagorancin Bishop Herbert Tugwell. A cikinsu akwai wani matashin likita, Dokta Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wajen fatake da alhazai. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya umarce su da su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka juyo kudu suka ya da zango a Girku, cikin ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai a 1905 Miller ya sami izinin zama a birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya kafa gidansa a Durumin Maigarke.

Abu biyu ya buɗe a wannan gida, ɗakin shan magani da makaranta. Mutanen birni sun karɓi maganin hannu biyu-biyu, amma makarantar sun yi mata kallon nesa. Yaran da ya samu kaɗan ne, wasunsu 'yantattun bayi, wasu kuma 'ya'yan mutanen da suka amince da shi, ya riƙe su a gidansa yana koya musu karatun boko da Turanci da lissafi. Karatun yana da inganci ƙwarai, kamar yadda za a gani nan gaba. Amma tsarin yana da aibi guda babba: duk wanda ya karɓi sabon addinin yakan rabu da danginsa, ya rasa gado da matar aure, ya dawo cinsa da shansa da suturarsa duk suna hannun Bature. Irin wannan taro ya fi kama da iyalin mutum ɗaya bisa ga ikilisiya mai tsayuwa da ƙafarta.

Daɗin daɗawa, Miller bai tsaya ga magani da karatu ba. Mutum ne mai kaifin harshe wanda ba ya ganin zalunci ya yi shiru, ya riƙa kai ƙarar masu sarauta wurin Razdan. Rahotanninsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarki Aliyu a 1920 da kai shi Lakwaja. Ko mene ne gaskiyar ƙararrakin, abin da ya zauna a zukatan mutanen birni shi ne, ɗan mishan da mai mulki ɗanjuma ne da ɗanjummai. Wannan zato ya daɗe yana bin ikilisiyar, har bayan tafiyar Turawa.

4.0 GIMI: KEƁEWA TA FARKO

Ƙarfin da ikilisiyar ta fara samu daga wajen birni ya zo, daga mutanen da ɗan mishan bai je nemansu ba. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 aka yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa kuma suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. Su ne ake kira Isawa, ko Bani Isra'ila. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Durumin Maigarke da ƙafarsu suna neman ƙarin bayani a kan Isa Almasihu.

Waɗannan mutane manoma ne masu iyali, masu karatun allo, ba su zo neman abinci ba. Suka nemi a ba su wuri su zauna tare, aka ba su fili a Gimi, a yankin Maƙarfi, inda mutum fiye da ɗari suka taru suka gina gidaje da majami'a da makaranta. Wanda aka tura ya zauna da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ƙasashen da aka san su da noman rake. Ana danganta shigowar injin matse rake da dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila a wannan yanki da zaman Gimi. Sana'ar ta fita daga hannun Kirista ta bazu cikin ƙauyukan Musulmi, har ƙasar Maƙarfi ta yi suna da ita. Mai saye da mai sayarwa a yau ba su tambayar addinin wanda ya fara kawo ta.

Zaman bai daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya faɗa wa garin, cikin 'yan shekaru ya kashe mafi yawan manya. Kafin a shiga shekarun 1920 sosai Gimi ta zama kufai, aka kwashe marayu zuwa makarantar Zariya. Wannan ciwo shi ne ya addabi gabashin Zazzau har gwamnati ta ƙirƙiro shirin Ancau a ƙarshen shekarun 1930, ta gina sabon gari ta sa masa suna Takalafiya. Abin lura a nan shi ne, tara mutanen wuri ɗaya don a tsare bangaskiyarsu shi ya tara su a bakin annoba. Abin da ya wanzu daga Gimi abu biyu ne, kuma duka biyun fita suka yi suka shiga jama'a: sana'ar mazarƙwaila, da yaran da aka ilmantar.

5.0 WUSASA: KEƁEWA TA BIYU

A ƙarshen shekarun 1920 gwamnati da fadar Zazzau suka matsa a fitar da mishan daga cikin ganuwa. Sababbin 'yan mishan da suka zo, a ƙarƙashin Guy Bullen, su ma sun ga gidan birni ya yi ƙunci ga makaranta da asibiti. A 1929 aka koma Wusasa, yamma da birni, kusa da Dutsen Kufena. Miller bai so wannan ƙaura ba, yana ganin barin birni barin mutane ne. Daga baya ya rabu da aikin Zariya, ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Filato a 1952.

A wannan karo ikilisiyar ta yi abubuwa uku da suka hana keɓewar ta zama mutuwa. Na farko shi ne gini. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929 zuwa 1930 magina Hausawa ne suka gina ta da tubali da azara, da rufin soro a kan bakan gizo, irin fasahar da Babban Gwani Mika'ilu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara ɗari kafin nan. Bahaushen da ya shiga cikinta bai ji ya shiga gidan baƙo ba. 

Na biyu shi ne harshe. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ja ragamarsa shekaru masu yawa tare da malamai Hausawa da wasu 'yan mishan. Masu fassarar sun ɗauki kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani, irin su Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba da addu'a. Amfanin littafin ya wuce Wusasa nesa ba kusa ba, domin shi ne ya zama littafin karatu da sujada na ƙabilu da yawa a kudancin Zazzau da Filato da Bauci da Adamawa, ya kuma taimaka wajen mai da Hausa harshen ikilisiya a Arewa baki ɗaya. An yi amfani da wannan fassara har aka fito da sabuwa a ƙarshen shekarun 1970.

Na uku shi ne asibiti da makaranta. Asibitin St. Luke ya zama wurin da mutanen birni da na ƙauyuka, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne, suke kai majinyatansu da matansu masu naƙuda, kuma a nan aka horar da 'yan mata aikin jinya da unguwarzoma tun lokacin da irin wannan horo yake da wuyar samu a Arewa. Mutumin da ba zai taɓa taka ƙofar majami'a ba ya taka ƙofar asibiti, ya kwana, ya warke, ya koma gida da labari. Ta wannan hanya Wusasa ta koma cikin birnin da aka fitar da ita.

Makarantar kuwa ta yaye mutanen da aikinsu ya shafi ƙasa duka. Dokta R. A. B. Dikko shi ne likitan zamani na farko ɗan Arewa, ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, tun tana ƙungiyar al'adu. Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa yana cikin Isawa, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, a Wusasa ya tashi. Ga masu nazarin Hausa kuwa, sunan da ya fi kusa da mu shi ne na John Tafida, wanda shi da Dokta R. M. East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar 1933.

Duk da haka akwai inda Wusasa ta gaza. Henry Venn, sakataren CMS daga 1841 zuwa 1872, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa ikilisiyar kowace ƙasa ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗu da ƙarfin kanta. A Zariya wannan ƙa'ida ta yi jinkiri ƙwarai. Kuɗin asibiti da makaranta daga waje suke zuwa, ko daga tallafin gwamnati. Da aka kafa diyosis ta Arewacin Nijeriya a 1954 Bature aka naɗa, Bishop John Mort, waɗanda suka gaje shi kuma 'yan ƙasar Yarbawa ne. Wusasa ba ta sami diyosis tata ba sai a 1997, da Bishop Ali Buba Lamido, watau shekara 92 bayan shigar Miller birni. Bugu da ƙari, yaran da suka yi fice aikin gwamnati ya kwashe su zuwa Kaduna da Ikko, garin ya zama kamar wurin renon dashe, ana raino a nan ana cin 'ya'ya a wani wuri.

6.0 TUDUN WADA: IKILISIYAR MA'AIKATA

Daga shekarun 1940 Tudun Wada da kewayenta suka cika da ma'aikatu. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 don buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafai. An buɗe makarantar horar da akawuna a Kongo, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki. Kwalejin Barewa ta ƙaura zuwa Zariya a 1949. Hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950 tana buga littattafan Yaƙi da Jahilci, aka kuma buɗe babbar kwalejin horon malamai a 1962. Ga kuma babban asibiti, wanda ya zama asibitin koyarwa na jami'a har zuwa lokacin da aka koma Shika a 2005. Waɗannan wurare sun jawo ma'aikata daga ko'ina cikin Arewa: masu haɗa baƙaƙe, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, direbobi, masinjoji, 'yan sanda da masu dafa abinci.

Da yawa daga cikinsu Kirista ne daga kudancin Zazzau da Filato da Adamawa da kudancin Barno, kowa da harshen uwarsa. Sabon Gari ba ta dace da su ba don ba su jin harsunan majami'unta, Wusasa kuma ta yi nisa ga mai tafiya a ƙafa. Abin da ya haɗa su shi ne Hausar Littafi Mai Tsarki na 1932. Suka riƙa taruwa a ɗakunan haya da azuzuwan makaranta, kafin su tara kuɗi daga albashinsu su nemi fili. Wannan ya zo daidai da lokacin da mishan-mishan suke miƙa ragama ga 'yan ƙasa: an kafa ECWA a 1954, aka kafa tarayyar da ake kira TEKAN a yanzu a 1955, aka kuma samar da HEKAN musamman domin Kirista masu jin Hausa da ke zaune a garuruwa nesa da ikilisiyoyinsu na gida.

Bambancin wannan ikilisiya da ta Wusasa a fili yake. Ba ta da asibiti nata, ba ta da babban fili, ba ta da Bature mai rubuta wasiƙar neman taimako. Mai gidan hayar ɗan ikilisiya Musulmi ne, haka mai yi masa ɗinki da mai sayar masa da nama. Ƙa'idar Venn wadda ta yi jinkiri a gidan mishan ta tabbata a nan ba tare da an karanta ta a littafi ba, domin babu wata hanya sai ita.

Abubuwa biyu suka ba wa irin waɗannan ikilisiyoyi sabon jini. Na farko shi ne shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka tsara a 1963 bisa shawarar Gerald Swank na mishan ɗin SIM, aka fara aiwatar da shi a 1964 a lardunan Zazzau da Filato. An ɗauko dabarar ne daga wani shiri da aka gwada a ƙasashen Latin Amurka. Tushensa shi ne a daina barin aikin ikilisiya a hannun fasto shi kaɗai. Aka rarraba jama'a ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka koya wa manomi da akawu da matar aure yadda za su karanta su kuma yi bayani da kansu, aka haɗa ɗariƙu dabam-dabam a aiki ɗaya. Shirin ya fi ƙarfi a kudancin lardin, amma ma'aikatan da ke kai da komowa tsakanin gida da Zariya sun shigo da shi gari. Ƙungiyoyin mawaƙan Sabon Rai da ake gani a majami'un Hausa daga nan suka samo asali.

Na biyu shi ne Zumuntar Mata. Wannan ƙungiya ita ce ƙashin bayan kowace ikilisiyar Hausa, ko da yake ba a cika rubuta tarihinta ba. Matan sukan taru a tsakiyar mako, su yi karatu, su yi waƙa da muryoyin gargajiya suna kaɗa tulu da caki, su tara ɗan abin da ya sawwaƙa. Da wannan kuɗi ake zuwa barka da gaisuwar mutuwa, a duba marar lafiya a asibiti, a tallafa wa gwauruwa da maraya. Mata da yawa a nan suka koyi karatu da rubutu da ɗinki. Kuma da yake mace tana shiga gidan kulle inda fasto ba shi da ikon shiga, zumuncin da ke tsakanin gidan Kirista da na Musulmi a unguwa, na suna da biki da aron turmi da kai tuwon salla da na Kirsimeti, a hannun mata yake.

7.0 KARƁE MAKARANTU DA RIKICIN 1987: KEƁEWA TA UKU

A farkon shekarun 1970 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, Kwalejin St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Ikilisiyoyin da suka saba nuna makaranta a matsayin hidimarsu suka wayi gari hannu wofi. Waɗanda abin bai girgiza sosai ba su ne irin na Tudun Wada, domin hidimarsu dama a cikin gidaje take.

Babbar jarrabawa ta zo a watan Maris na 1987. Rikici ya tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafancan, aka yi asarar rayuka aka ƙone masallatai a can. Da labari ya iso arewa sai wuta ta kama a Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u fiye da ɗari, kuma Zariya ce ta fi jin jiki. A cikin waɗanda aka ƙone wa majami'a da gida akwai Rabaran Benjamin Kwashi na majami'ar St. Andrew, wanda daga baya ya zama Bishop na Jos a 1992. An san shi da kiran da ya yi wa Kirista a lokacin cewa kada su rama. Ikilisiyoyi suka ci gaba da taruwa a cikin kangaye da ƙarƙashin itatuwa, suka sake gini da kuɗin baiko. A nan ne bambancin majami'a da ikilisiya da aka ambata a gabatarwa ya fito sarari.

Sai dai an sake gina bango, amana kuwa ba ta komo yadda take ba. Rikicin Zangon Katab na 1992, da na Kaduna na 2000, da na bayan zaɓen 2011, kowanne ya ƙara tsoro. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bam a majami'ar ECWA ta Wusasa da babbar majami'ar Katolika ta Sabon Gari. Iyalai da dama suka bar unguwannin da ake zaman cuɗanya suka koma inda 'yan'uwansu suka fi yawa, majami'u suka kewaye kansu da katanga da shingen bincike. Ba wanda zai zargi mai gudun ceton rai. Amma sakamakon shi ne, tsarin raba unguwanni da Turawa suka yi da doka, yanzu tsoro ne yake yin sa. Yaro yana iya tashi a Zariya bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, abin da kakarsa a Tudun Wada ba za ta gane ba.

An yi yunƙurin ɗinke wannan ɓaraka daga sama. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun kafa cibiyar sasantawa a Kaduna a 1995, shugabannin addinai kuma suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002. Waɗannan ayyuka suna da daraja, sai dai yarjejeniyar shugabanni ba ta kai tuwo gidan maƙwabci.

8.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, sabuntawar ikilisiyar Hausa a Zariya ta fi zuwa daga ƙasa. Isawa da ƙafarsu suka zo, ma'aikatan Tudun Wada da albashinsu suka yi gini, Sabon Rai da Zumuntar Mata kuma aikin talakawan ikilisiya ne. Na biyu, duk abin da ikilisiyar ta yi da kayan gida ya daɗe, kamar ginin tubali da azara, da fassarar 1932, da waƙar tulu. Abin da ya dogara ga kuɗin waje ko yardar gwamnati kuwa an iya karɓe shi rana ɗaya. Na uku, hidimar da ta canza yadda ake kallon ikilisiya ita ce wadda ba a gindaya mata sharaɗi ba. Mai shan mazarƙwaila da mai naƙuda a St. Luke ba a tambaye su abin da suka gaskata ba.

Idan aka auna halin yau da wannan ma'auni, za a ga cewa yawan majami'u da girman gininsu ba su ne alamar lafiya ba. Makarantar kuɗi da ikilisiya ta buɗe a bayan katanga, wadda ɗan mai gyaran takalmi na unguwa ba zai iya shiga ba, ta fi kusa da zaman Gimi bisa ga asibitin Wusasa. Bukatun Tudun Wada a bayyane suke ga kowa: ruwan sha, magudanai, kula da mata masu ciki, karatun manya, da sana'a ga samarin da shaye-shaye ke neman cinyewa. Ba ɗaya daga cikinsu da ya san addinin mutum, kuma kowanne yana bukatar a zauna da mai unguwa da limamin masallaci kafin a fara.

A ƙarshe, akwai aiki a gaban masana tarihi da na harshe. Tsofaffin matan zumunta da dattawan da suka yi aiki a Gaskiya da asibitin Tudun Wada suna ta raguwa, tare da waƙoƙinsu da labarin yadda aka zauna kafin 1987. Ya kamata sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a Samaru da Kongo su tura ɗalibai su ɗauki maganarsu, ta Kirista da ta Musulmi duka, tun ana iya samunsu a ƙofar gida.